Bencin Sakatare

A wani gari iyaye suka gaji da rarraba yaransu, makarantar maza gabas, ta mata yamma, 'yan masallaci daban, 'yan coci daban. Suka nemi a gina musu guda ɗaya kowa ya shiga. Kullum suna ofishin Sakataren Ilimi, kullum sai a ce su dawo gobe.

Da suka ishe shi, ya kira shugabarsu, Rifkatu mai waina.

"Ke, ba na son fitina. Nuna mini inda maza da mata, Musulmi da Kirista, suka zauna tare wata uku ba rigima, da mai shaidar da ba zan ƙaryata ba. Sannan in sa hannu."

Rifkatu ta rusuna. "Ranka ya daɗe, kai kana ƙarya?"

"Ni? Allah ya kiyaye!"

"Wata nawa kake ganinmu a ƙofarka?"

"Huɗu cur! Kun hana ni sakat."

"Mun taɓa faɗa?"

"Da kun yi, ai da tuni na sa an kulle ku."

"To, leƙa waje."

Ya leƙa. Ga su jere a bencinsa, Malam Ilu na ɓara wa Istifanus goro, Tabawa na goye da jaririn Rifkatu.

"Ga makarantar nan, ranka ya daɗe, kai ne hedimastanta. Jira kaɗai ka koya mana, mun kuma haddace. Yaran dai a koya musu karatu."

Sakatare ya hau laluben biro.