Hawainiya da Tsohuwar Manhajar Giwa

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso!

Ta zo mu ji ta, mun kasa kunne!

Giwa ce ke da wata tsohuwar manhaja mai nuna inda ruwa ke ɓuya da rani. Da kwamfutarta ta mutu sai ta sayo sabuwa fil, amma manhajar ta ƙi buɗewa a ciki. Ga ƙishirwa ta fara kayar da ƙananan dabbobi.

Kura ta ce, "Ranki ya daɗe, taurin kai ne. A ba ni ita in lallasa ta."

Hawainiya ta sauko daga reshe a hankali, ta juya ido ɗaya, ta ce, "Yaya Kura, tsohuwa ce aka kai baƙon gida. Ba ita za a taɓa ba, gidan za a sake wa kama."

Giwa ta ce, "Za ki iya?"

Hawainiya ta ce, "Ranki ya daɗe, ai sana'ar gidanmu ce."

Ta lallatsa maɓallai, ta sa sabuwar kwamfuta ta ɗauki kamannin tsohuwar, har yadda take gaisuwa. Manhaja ta leƙo, ta ga gida ne, ta buɗe, ta nuna ruwa ƙarƙashin yashi. Kowa ya sha ya ƙoshi.

Kura ta ce, "Ashe haka ake shiga!" Ta yafa fatar tunkiya, ta faɗa garke. Tumaki suka ce, "Maraba, Inna!" Daɗi ya kashe ta, ta ƙyalƙyale da dariyar nan tata. Makiyayi ya ɗauko sanda.

Hawainiya na kan reshenta ta ce, "Yaya, kin manta gaisuwar!"

Har yau Kura ɗingishi take.

Ƙurunƙus, kan ɗan ɓera, tawa ta ƙare!