Hayaƙin Gidan Saraya

Akwai wani dattijo mai suna Zakka, a wani gari da rafi ya raba biyu. Da itatuwan daji suka soma ƙarewa, damina kuma tana ta gajarta, sai mutanen garin suka yanke shawara kowane gida ya rage rabin itacen da yake ƙonawa. Wanda ya ƙi, a kashe masa murhu kwana bakwai. Zakka suka ɗora wa aikin sa ido.

Shi kuwa Zakka, ko gaishe shi ka yi sai ya nemi dalili. Kullum da yamma yakan hau tudu yana duban hayaƙi. A hayin rafi, daga gidan wata gwauruwa mai suna Saraya, baƙin hayaƙi ne yake turnuƙewa. Daga gidan burodin maƙwabcinsa Habila kuwa, ɗan siriri ne fari. Zakka ya ce a ransa, "Matar nan satar itace take yi. Shi ya sa ba ta haɗa ido da ni."

Ya haye rafin, ya faɗa gidanta ko gafara bai yi ba.

"Fito da itacen da kika ɓoye!"

"Wane itace, Baba? Ga murhun nan, duba."

Ya tona da sandarsa. Totuwar masara ce da jiƙaƙƙen kara.

Ta ce, "Na rage rabin da kuka ce. Dā sau biyu nake girki, yanzu sau ɗaya. Jikokina sun fara sabawa."

Kunya ta rufe Zakka. Da ya komo, ya zaga bayan gidan Habila, ya tarar da gumaguman kirya jibge har sun fi shi tsawo. Ashe busasshiyar kirya ba ta cika hayaƙi ba. Habila ma ya rage rabi, amma rabinsa na yini ɗaya zai ishi Saraya wata uku.

To, 'yan'uwa, ga ma'anar misalin. Dajin nan duniya ce da Ubangiji ya ba mu amana. Akwai ƙasashe da birane masu ƙona mai dare da rana, akwai ƙauyukan da ko fitilar lantarki ba su da ita, amma talaka ake fara tuhuma. Ubangiji ba daga kan tudu yake duba ba, ya san abin da kowa ya ƙona. Kai mai janareta biyu, in ka rage rabi, sanyin fanka ka rasa. Ita Saraya kuwa, abincin jikokinta ta rage.