Ƙwayar Malam Tanimu da Gwaggo Tabawa

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari can da daɗewa, ana ce masa Malam Tanimu. Shi ke ba da magani a ɗan asibitin garin. Ba likita ba ne, amma hannunsa na da albarka, in ya faɗa ba a musa masa.

Wata rana aka kawo masa Barau mahauci, ciki na murɗa, barci ya ƙaurace masa. Ya ba shi ƙwayar barci. Ciwo ya ƙaru, ya ƙara masa. Kwana uku, Barau ya fara sambatu yana kiran sunan Gwaggo Tabawa, tsohuwa mai daddawa. Kun dai san mutanenmu, nan take aka ce mayya ce ta kama kurwarsa. Aka jawo ta, ko ta tsallake shi ko ta bar gari.

To ku saurara. Da Malam Tanimu ya shigo gidan su Barau, idonsa ya kai kan kaskon fitsarin Barau da aka bari a rana. Fitsarin ya rine kamar zoɓo. Ya tuna wani likita ya taɓa koya musu cewa akwai wani ciwo da ake gada, wanda hanta ke tara dafi a jiki har fitsari ya rine haka in ya sha rana, irin wannan ƙwayar kuwa zuga hantar take yi, dafin ya yi ta ƙaruwa.

Babu wanda ya sani, daga shi sai Allah. Da ya ga dama, sai ya janye ƙwayar a ɓoye. In Barau ya warke a ce tsallakawar ce, tsohuwa ta mutu da sunan maita, shi kuwa mutuncinsa na nan.

Amma sai ya ce, "Ku sake ta. Gwaggo, ki yafe mana. Maganina ne ke cinsa."

Yayan Barau ya ce, "Malam, kai da bakinka?"

"Ni da bakina. A nemo mota mu kai shi babban asibiti."

Aka kai Barau, ya warke. Amma daga ranar masu zuwa wurin Malam Tanimu suka ragu, har ya bar aikin ana yi masa gori. Gwaggo Tabawa kuwa ta ci gaba da kai daddawarta kasuwa, ana saye.

Jama'a, gaskiya ba kullum take biya a duniya ba, amma dole a faɗe ta. Ni da ku, wa ke ɗauke da laifinmu yau don mun yi shiru? Kowa ya je ya sauke masa, tun kafin ranar da gaɓoɓi za su yi magana.