Akuyar da Ke Kusurwar Zane

An ce wai a garin Yawuri, can bakin kogi, an yi wata mace mai suna Sa'adiyya da ƙanenta Nafi'u, waɗanda suka shekara uku suna haɗa wasan waya su biyu rak, ba kamfani a bayansu, ba ubangida. Ita ce mai tsara yadda wasan ke tafiya a kwamfuta, shi kuwa shi ne mai zane. Wasan ba wani abu ba ne illa fito: ga kwalekwale, ga fasinjoji, ga buhunan albasa, ga wata akuya mai taurin kai da ba ta tsayawa inda aka ajiye ta, kai kuma ka jera su yadda jirgin zai ƙetare bai kife ba.

To, kasuwar wasanni ta cikin waya tana da tata ƙa'ida. Kowane wasa hoto ɗaya ne ke tsaya masa a gaba, ɗan mitsitsi kamar kwalin ashana, a jere da dubban irinsa. Wanda hotonsa ya tsayar da yatsan mai dubawa ya samu shiga, wanda bai tsayar ba an wuce shi ke nan. A kan wannan ɗan hoto ne 'yan uwan nan suka ɓata.

Nafi'u ya yi wata biyu yana zana nasa. Ya sa faɗuwar rana a kan ruwa, ya sa masunta da tarunsu, ya sa tsuntsaye, sannan a tsakiya ya dasa wata ƙatuwar dorina ta wangale baki. Sa'adiyya ta yi masa kallo ɗaya ta kau da kai. Ta ce, "Ina dorina a wasanmu? Ƙarya za mu tallata wa mutane?" Ta zauna ta haɗa nata: fuskar wasan yadda take, da sunansa da manyan baƙaƙe, da layi uku na bayani. Nafi'u ya duba ya ce, "Yaya, don Allah wannan talla ce ko katin asibiti?"

Magana ta kai ya rantse, in ba a sa zanensa ba zai tattara ya tafi Kaduna, inda wata maɗaba'a ta daɗe tana kiransa. Kwana tara ba su ci abinci a kwano ɗaya ba. Abin ya ci Sa'adiyya ƙwarai, don ita ta goya shi a bayanta, kuma ta san in ya tafi ba wasan kaɗai ya mutu ba. Amma fa ita ma, Allah ya shirye ta, ba a haife ta da sakin magana ba.

A rana ta goma da hantsi ta ja shi zuwa wurin kawunsu Badamasi, ƙanen mahaifiyarsu, wanda ya shekara arba'in yana zane a bayan manyan motoci har idonsa ya soma gajiya. Suka gaishe shi, kowa ya kawo ƙararsa. Tsohon bai dubi hoto ko ɗaya ba. Ya ce, "Ku ba ni wasan tukuna." Ya gyara tabarau, ya kifar da jirgi sau huɗu, yana dariya har da hawaye, yana zagin akuyar nan kamar ta gidansu ce.

Da ya natsa sai ya ce, "Ku ji, 'ya'yana. Ni wayarku ban san ta ba, amma na san titi. Zanen bayan mota ba a zama a kalle shi. Mota ta taho, ta wuce, abin da ido ya cafka a wannan ƙiftawar shi ne zanen, sauran duk fenti ne da aka ɓarnatar. Yatsan mai duba waya ma mota ce. Ku je ku bugo mini hotunan nan biyu, kowanne girman faranti, mu haɗu a tashar mota bayan azahar. Kuma ba zan tambayi kowa wanne ya fi kyau ba. In ka tambayi mutum haka, fuskarka yake karantawa, ba hotonka ba."

Bayan azahar ya zo da tsohuwar a-kori-kurarsa. Ya tsayar da su biyun kusa da teburin Tanimu mai shayi, inda mutane ke zaune, ga kuma Inna Tasalla mai soyayyen kifi a gefe. Ya roƙi jama'a su dubi bayan motarsa in ya wuce ta wancan hannu na titi, su faɗi abin da suka gani. Su kuwa 'yan uwan ya ce kada wanda ya buɗe baki.

Ya liƙa na Sa'adiyya, ya wuce. Mutane suka dubi juna. Can Tanimu ya ce, "Sanarwa ce. Ko rigakafi za a yi?" Inna Tasalla ta ce ita dai ta ga rubutu, kuma ba ta da lokacinsa. Sa'adiyya ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Nafi'u ya sunkuyar da kai yana danne murmushi, ɗan banza.

Ya liƙa na Nafi'u, ya sake wucewa. Nan take wuri ya ɗauka: "Dorina! Kai, dorina!" Nafi'u ya buɗe ƙirji ya dubi yayarsa. Kawu ya dawo ya sauko a hankali, ya ce wa jama'a, "To, in aka ce wasan waya ne, me ake yi a cikinsa?" Tanimu ya ce, "Farautar dorina mana. Mashi za a ba ka." Wani ya ce a'a, gudu za ka yi kada ta cinye ka. Kawu ya juyo ga Nafi'u ya ce a hankali, "Ka ji. Sun shigo gidanka, amma abin da suka zo ci ba shi ka dafa ba. Wanda ya sauke wasan don dorina bai same ta ba, kafin la'asar ya goge shi, ya kuma gaya wa abokinsa an yaudare shi."

Yanzu kowannensu ya sha kaye. Sa'adiyya ta ga idon ƙanenta ya kaɗa, sai ta ji nasarar da ta so ta yi mata ɗaci a baki. Ta san gobe war haka yana motar Kaduna.

Tsohon ya miƙa hannu. Ya karɓi tsohuwar jarida wurin Inna Tasalla, irin wadda take naɗe kifi, ya huda mata taga, ya rufe zanen Nafi'u gaba ɗaya, dorina da masunta da faɗuwar rana, ya bar kusurwar ƙasa ta hagu kaɗai. Tun da kusurwar ƙarama ce, wannan karon ya wuce ta gabansu dab.

Motar ba ta gama wucewa ba Tanimu ya miƙe da ludayi a hannu: "Wayyo, akuyar nan za ta kifar da su!" Inna Tasalla kuwa ta manta da kaskonta, ta ɗaga murya tana bin motar da hannu: "Ku mayar da buhun can ɗaya gefen! Ku mayar da shi, ku ji mini mutane!"

Kawu ya tsaya, ya leƙo ta taga ya ce, "Kun ji ta? Ta soma buga wasanku, ba ta ma san sunansa ba. Hukuncina ke nan. Hannun Nafi'u ne, gaskiyar Sa'adiyya ce. Kai Nafi'u, ka ɗauki wannan kusurwa ka girmama ta ta cika hoton, ka sallami dorinarka ta koma ruwa."

Sa'adiyya ta matso ta duba tagar jaridar. Wallahi wata biyu zanen nan yana gidansu, ba ta taɓa kai ido wannan kusurwa ba. Ga kwalekwale ya karkace, ga akuya a tsaye kan bakin jirgi tana kallon sama kamar ba ita ba, ga buhu yana zamewa. A tsakiyar jirgin kuma ga wata mace ta ɗaure ɗankwali a karkace, ta ɗaga yatsa tana yi wa akuyar faɗa, gira ɗaya a sama. Ta san wannan gira. Kullum tana ganinta a madubi.

Ta ce, "Nafi'u, wace ce wannan?"

Ya sosa ƙeya. "Yaya, ai jirgin ba ya ƙetarewa in ba ke a ciki. Ke na fara zanawa. Da na ji tsoron za ki ce na yi miki ba'a ne na tura ki kusurwa, na kawo dorina ta tare."

Ta so ta yi faɗa, faɗan ya ƙi fitowa. Ta goge ido da bakin mayafi ta ce, "To ita akuyar fa, wa ke nan?"

Kawu Badamasi ya nuna Nafi'u da haɓa ya ce, "Wannan kuma ko makaho ya san ta."

Aka kwashe da dariya, har da Nafi'u. Inna Tasalla ta karɓe jaridarta tana mita an huda mata, sannan ta naɗe musu kifi a cikinta. A nan bakin titi suka ci shi su biyu a takarda ɗaya, ba wanda ya ƙara ambaton Kaduna.

Shi ya sa nake gaya wa masu talla, manya da ƙanana: kada ka tambayi mai wucewa ko hotonka ya yi kyau, saurari abin da ya fito daga bakinsa kafin ka tambaya. Kuma kafin ka ƙi aikin ɗan uwanka, duba shi har kusurwa, mai yiwuwa a can ya ajiye ka.