Biri da Kuɓewar Iri

Ga ta nan, ku matso!

Ta zo, Baba, mu ji ta.

Bushiya ta zaɓi kuɓewar da ta fi girma a lambunta, ta ɗaura mata tsumma, ta bar ta ta bushe.

Biri maƙwabcinta ya leƙo ta danga. "Iya, wannan ta gagari tukunya ne?"

"Ta iri ce."

"Iri? Ai ragowa ake ajiyewa!"

Sakaran ya cinye manyan nasa, ya adana 'ya'yan tsumburarru. Da damina ta zagayo, kuɓewarsa ta fito kamar ƙaya, ko miyar rana ɗaya babu.

Ya dawo yana sosa ƙeya. "Iya, a sam mini iri mai kyau."

"Naka mai kyau ai tun bara ka shuka shi a cikinka. Zauna ka jira ya tsiro."

Ƙurunƙus kan gafiya, na gama.