Injiniya da Kwanan Watan Kwamfuta

Akwai wani magidanci da mutanen layinsu ke kira Injiniya. Bai taɓa karanta aikin ba. Sunan ya bi shi ne saboda babu abin da zai lalace a gidansa bai kwance shi ba, kuma idan yana gyara, ba ya son jin bakin kowa.

Babbar 'yarsa ta gama karatun jinya, ta yi shekara uku tana neman aiki. A ƙarshe wani asibiti ya kira ta jarrabawa ta intanet. Sharaɗin shi ne sai da kwamfuta mai kyamara, waya ba ta yi. Za a buɗe shafin ƙarfe goma na safe, a rufe goma da rabi. Wannan ce damarta ta ƙarshe, domin baɗi shekarunta za su wuce waɗanda ake ɗauka.

Ƙarfe tara ta kunna tsohuwar kwamfutar da ke falo. Duk shafin da ta buɗe sai ya ƙi, ya nuna mata jan gargaɗi. Ga wayoyin gidan kuwa suna shiga intanet lafiya lau.

"Tashi ki ba ni wuri," in ji Injiniya.

Ya kashe na'urar intanet ya kunna. Ya zare wayar da ke haɗe da kwamfutar ya hura ya mayar. Ya kashe kwamfutar sau uku. Shiru.

Matarsa tela ce, a aji huɗu na firamare ta tsaya. Amma mai karɓar ɗinkin mutane ba ta wasa da kwanan wata. Ta leƙo ta bayan kafaɗarsa, tef ɗin awo a wuyanta, ta nuna ƙasan allon.

"Baban yara, kwanan watan nan fa ba daidai ba ne. Dubi shekarar, ta koma baya sosai."

Ko juyowa bai yi ba. "Ana maganar intanet kina maganar kalanda? Don Allah koma kan kekenki."

Ta koma kan keken ɗinkinta. Shekara ashirin da shida ke nan tana komawa haka.

Tara da rabi 'yar ta durƙusa kusa da shi. "Baba, mai gyara na bakin titi ya buɗe shago. Bari in kira shi, ko in je can in rubuta."

"A ce ina zaune a gidan nan a kira min wani? Saura kaɗan in gama."

Bai gama ba. Ya ɗauko sukudireba ya buɗe bayan kwamfutar, zufa na ɗiga a kan teburi. Goma ta yi. Goma da kwata ta yi. Sai a lokacin ya ce a kira mai gyaran, shi ma ƙasa-ƙasa.

Mai gyara ya iso goma da minti talatin da biyar. Ya dubi ƙasan allon, ya gyara kwanan wata, shafin ya buɗe nan take. Ko zama bai yi ba.

"Ƙaramin batirin da ke riƙe agogo ne ya mutu," in ji shi. "Idan kwanan wata ya karkace, shafuka ba sa yarda da kwamfutar. Babu wanda ya lura da shi?"

A allon an rubuta cewa an rufe jarrabawa.

'Yar ba ta yi kuka a gabansa ba, kuma wallahi da ta yi kukan da ya fi masa sauƙi. Ta tattara takardunta, ta dube shi ta ce, "Baba, Mama ta gaya maka tun ƙarfe tara."

Yau shekara biyu ke nan. Tana zaune a shagon mahaifiyarta tana saka maɓalli, takardar shaidarta na cikin akwati. Tana gaishe shi safe da yamma da ladabi, amma ba ta sake kawo masa wata damuwarta ba. Har yanzu 'yan layi na kiransa Injiniya. Shi ne ya daina amsawa.

Darasi: Kada girman kai ya toshe maka kunne daga wanda kake ganin bai kai ka ilimi ba. Wani lokaci amsar tana bakin wanda ka kora, kuma ba kai za ka ɗanɗana kuɗar ba, wanda ka fi so ne. Idan abu ya fi ƙarfinka, nemi taimako da wuri. Ku tura wa 'yan uwa, musamman mu iyaye maza.