Fakara da Hadarin da Bai Kawo Ruwa Ba

An yi wata Fakara a gindin wani tsauni, uwar 'ya'ya bakwai, mai yawan tinƙaho da gidanta. Ciyawar da ta kewaye sheƙarta ta fi ta ko'ina tsayi da duhu, kuma ba ta yarda ko gada ta tsinki ganye ɗaya a ciki ba.

Can sama kaɗan, a wani kogon dutse, akwai tsohuwar Rema, dabbar nan mai kama da gafiya amma ba ta da wutsiya. Ita halinta tausayi.

Bazarar shekarar nan ta yi tsanani. Rafi ya ƙafe, ƙasa ta tsattsage, ciyawa ta bushe ƙayau.

Wata safiya Rema ta gangaro tana ɗingishi, ta ce, "'Yar nan, ki bar su gada da barewa su rage ciyawar nan. Ta bushe da yawa, kuma kwana biyu ke nan hadari yana haɗuwa yana watsewa babu ko yayyafi. Irin wannan hadari wuta yake kawowa."

Fakara ta ɗaga wuya. "Haba Gwaggo! Ke da kike kwana a kan tsurar dutse za ki koya mini zaman gida? Ciyawata ce, ba mai taɓa ta!"

"Ba gidanki nake so ba, 'ya'yan nan nake dubawa."

"To ki duba naki!"

Rema ba ta da ɗa ko ɗaya a raye, Fakara kuwa ta san haka. Tsohuwar ta juya ta hau dutsenta a hankali.

Bayan azahar gabas ta yi baƙi ƙirin. Iska mai zafi ta taso, aka yi ta cida babu ɗigon ruwa. Sai tsawa ta faɗi a kan wata busasshiyar bishiyar marke. Nan take wuta ta kama, iska ta koro ta cikin ciyawa tana ƙara fatfat.

Fakara ta buɗe fukafukai za ta tashi, sai ta ji 'ya'yanta suna tsuwa a ƙarƙashinta. Ba wanda ya iya tashi a cikinsu. Hayaƙi ya rufe ko'ina, ta rasa gabas ta rasa yamma.

Sai ta ji murya daga sama. "Nan! Biyo muryata, 'yar nan! Nan!"

Rema ce ta fito bakin dutse, tana tari tana kira, ba ta fasa ba. Fakara ta tasa 'ya'yanta gaba tana bin kiran, har suka taka dutse inda babu abin da wuta za ta ci.

Rema ta tura su cikin kogo tana ƙirgawa. "Shida! Ina ɗayan?"

Autan ne ƙafarsa ta sarƙe a ciyawa. Fakara ta koma da gudu, ta rufe shi da fiffike, ta fizgo shi. Ta fito da shi lafiya, amma gashin fiffikenta na dama ya ƙone ƙurmus.

Daga bakin kogo ta ga gidan nata ya zama toka. Ta sunkuyar da kai. "Gwaggo, na faɗa miki magana mai ciwo."

"Kin faɗa," in ji Rema, "kuma ta yi mini ciwo. Matso da fiffiken nan kan dutse mai sanyi."

Fakara ba ta sake tashi sama ba sai da damina ta yi nisa. Duk tsawon lokacin nan Rema ce take kai yaran kiwo a tsakanin duwatsu, suna biye da ita suna kiranta Kaka. Duk sanda suka kira ta haka, sai tsohuwar ta tsaya ta ce ba ta ji ba, su sake faɗa.

Darasin wannan labari shi ne, girman kai da rowa suna toshe kunnen mutum har ya ɗauki mai ƙaunarsa maƙiyi. Idan babba ya ja maka kunne, ka saurara, kuma kada ka mayar masa da maganar da za ta sosa masa zuciya.